Kafin A Kafa Injin Tsaga Katako A Gida

'Yan kasuwa da dillalai na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da sauran masu cin kasuwannin wannan yanki, yau za mu bar farashin gero da dawa da wake a shafinsu, mu yi magana a kan wata haja dabam, watau injin tsaga katako, irin wanda ake girkawa bisa tebur, faifan zarto yana leƙowa ta tsakiya.

Dalilin wannan magana shi ne, sau da yawa ɗan kasuwa yakan ɗebi kuɗi daga jarinsa ya saya wa ƙanensa ko ɗansa ko yaron gidansa wannan inji, don ya sami abin yi a cikin gari, tun da noman gonakin nesa ya zama abin da ya zama. Niyya ce mai kyau. Amma inji ba buhun masara ba ne da za a saya a jingine a jira tashin farashi. Ranar da aka biya kuɗinsa, rabin ciniki kaɗai aka yi. Sauran rabin yana ga kafawa, watau wutar da za ta ja shi, da wurin da zai zauna, da daidaita shi, da hannun da zai tura masa katako. A nan riba take fitowa, a nan kuma jari da yatsu suke salwanta.

HALIN DA KATAKO YAKE CIKI

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, ta biyo ta Zariya da Funtuwa da Gusau, garin ya zama mashigar kayan kudu da mafitar gyaɗa da auduga. Yau kuwa katako a bayan tirela da manyan motoci yake zuwa, daga dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba, ko kuwa a saro shi a 'Yan Katako na Kano ko na Zariya, a sauke a Gusau, kana a rarrabo shi zuwa Ƙaura da Zurmi da Shinkafi. Kowane zango da kuɗin ɗauka da na saukewa, ga kuma halin hanya wanda kowa ya sani.

'Yan kasuwa ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da man fetur a jarka, ta hana motocin ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya, kafin daga baya a sassauta. Sai kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, waɗanda suka ɗaga kuɗin mota da kuɗin duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje.

Abin da wannan yake nuna wa mai lissafi shi ne, falanki ɗaya da ya iso Shinkafi ya riga ya sha kuɗi. Wanda yake da inji a gari yana da kasuwa, gama kafinta ba zai so ya ɗauki katako ya hau hanya don a tsaga masa kawai ba. Amma kuma injin da ke ɓata katako, a wannan zamani, ɓarawo ne a cikin gida.

IRIN INJINAN DA KE KASUWA

Iri uku ake samu. Na farko shi ne ƙirar gida, wanda masu walda suke haɗawa: teburin ƙarfe, da sandar ƙarfe mai boris biyu wadda faifai yake ɗaure a kanta, da fuli, da bel, da mota, watau wannan mai koyil da lantarki yake juyawa. Shi ne ya fi araha, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa ana samun mai gyara a kusa. Aibinsa shi ne, mafi yawa ba a yi masa kayan tsaro, kuma kyansa ya dogara ga idon wanda ya ƙera.

Na biyu shi ne ɗan Kwatano, tsohon injin Turai mai teburin zubin ƙarfe. Yana da nauyi, ba ya rawa, yana kuma daɗewa. Sai dai da yawansu wuta mai layi uku suke ci, wadda ba kowace unguwa take da ita ba.

Na uku shi ne sabon ƙaramin inji na kwali, mafi yawa ƙirar Sin, wanda mutum biyu za su ɗauka. Yana da kyau ga aikin filawud da firam da ƙananan kujeru. Amma in aka ce a wuni ana tsaga masa tu-bai-fo na rufin ɗaki, ba zai kai ko'ina ba. Araha ba ta ado.

To, dillali, kada ka yarda da cinikin biri a sama, ko da an turo maka hoto ta waya. Je ka da kafinta da mai gyaran wuta. A cire bel, a juya sandar faifai da hannu: in ka ji ƙaras-ƙaras, ko ta yi wasa gefe da gefe, boris ya mutu. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa tebur a duba ko ya lotsa. A sunsuni mota, gama koyil ɗin da ya taɓa ƙonewa ba ya ɓoye warinsa. A karanta ɗan farantin da ke manne a jikinta, a nan aka rubuta ƙarfinta da irin wutar da take ci da yawan juyinta. Daga ƙarshe a kunna, a tsaga katako mai kauri a gabanka. Injin da ke kuka lafiya ba kaya, ba a san halinsa ba sai ya ciji itace.

WUTA ITA CE GABA

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce, mai bugu 60. Saboda haka injin da aka yi don gidajen Amurka, in aka soka shi kai tsaye a wutarmu, nan take zai ƙone. Ko an sa masa na'urar rage wuta, motarsa za ta riƙa juyi a hankali da kamar kashi ɗaya cikin shida, tana kuma saurin zafi. Na Turai mai layi uku yana bukatar bolt 400 ko kusa da haka. A san wannan tun ba a biya la'ada ba.

Wutar wannan yanki tana hannun kamfanin rarraba lantarki na Kaduna tun bayan sayar da kamfanonin wuta a 2013, ko da yake har yanzu NEPA muke ce mata. Kowa ya san ba kullum take zuwa ba, in ta zo ma wani lokaci rabi-rabi ce. Wuta mara ƙarfi ita ce babbar mai kashe mota: tana sa ta ja fiye da kima, ta yi zafi, koyil ya narke. In ka ga ƙwan lantarki ya yi ja, kada a kunna inji. A ja masa layinsa shi kaɗai daga mita, da wayar tagulla mai kauri, ta milimita 4 in akwai ɗan nisa, da makashinsa na kansa, a kuma haɗa jikin injin da wayar ƙasa don kada ya ja mutum.

Mai niyyar janareta, ga lissafi. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Motar doki 3, wadda ita ce daidai da tsagar katakon rufi, tana cin wajen wat 2,200 in tana tafiya. Amma lokacin tashi tana fizgar ninkin wannan sau da yawa. Don haka ana nema mata janareta da ya ninka ta kamar sau uku, watau mai kilowat 6 zuwa 7. Ƙaramin janareta na kunna fanka da cajin waya ko motsa ta ba zai yi ba.

Akwai hanya ta uku wadda mutanenmu suka saba da ita, watau a ja faifai da bel daga injin gas irin na niƙa. Wannan ba ruwansa da NEPA, kuma kowane gari akwai makanikinsa. Sai dai a kiyaye lissafin fuli. Faifai mai inci 12 yana son juyi wajen 2,900 a minti. In abin da ke jansa yana juyi 1,450, to fulinsa ya zama ninki biyu na fulin faifai, misali inci 6 da inci 3. A jikin kowane faifan kirki an rubuta iyakar juyin da zai ɗauka, kada a wuce shi. Bel kuma a rufe shi da raga ko kwano, don yana kama riga kamar yadda faifai yake kama yatsa.

Abu guda da ya shafe mu fiye da Turawan da suka ƙera injin shi ne makunni. In an ɗauke wuta ana tsakar aiki, yaro yakan manta bai kashe ba, ya sa hannu yana zare katakon da ya maƙale, sai a dawo da wuta. Akwai makunni mai maganaɗisu, mai maɓalli kore da ja, wanda da an ɗauke wuta yake sakin kansa, ba ya kuma tashi sai an sake danna kore. Kuɗinsa kaɗan ne a kan kuɗin inji. Kada a kafa inji ba shi, kuma a sa shi inda gwiwa za ta iya buge jan maɓallin in hannuwa biyu suna kan katako.

WURIN DA ZAI ZAUNA

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Sai ka ji mutum ya ce, "Ai Alhaji wanga inji bai fi tabarma ɗaya ba, ko cikin zaure ya shiga." Gaskiya ne ya shiga, amma katakon fa? Falankin kasuwa ƙafa 12 ne. Yana bukatar ƙafa 12 a gaban faifai kafin ya shiga, da wata ƙafa 12 a baya inda zai fita. In an haɗa da wurin tsayuwar mutum, ana neman fili miƙaƙƙe na wajen ƙafa 28. Filawud kuma ƙafa 4 ne da ƙafa 8, yana son fili ta gefe.

Dabarar mai ƙaramin wuri ita ce a saita faifai daidai da ƙofa, katako ya shigo ta waje, a kuma fasa taga daidai tsayin tebur a bangon baya inda zai fita. In ba hali, rumfar kwano a jikin katangar gida ta waje ta fi ɗaki, ga iska, ga haske, masu kawo aiki kuma ba sai sun ratsa cikin gida ba. Sai a yi wa injin akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

Ƙasa ta zama daɓen siminti shimfiɗaɗɗe. A binne noti a ɗaure ƙafafun injin, don injin da ke rawa ba ya yanka miƙe, yana kuma cin boris. Tsayin tebur ya zo wa mai aiki daidai ƙugu, inci 34 zuwa 36. A bayan injin a yi wani tebur ko benci mai tsayi ɗaya da shi, ko ya gaza da kaɗan, wanda zai tare katako in ya fito. In babu shi, nauyin falanki yakan rinjaya ya ɗaga, mai turawa ya danna da ƙarfi, hannu ya zame.

A dubi inda iska take kaɗawa, kada ƙura ta nufi madafa ko ɗakin kwana. Ƙurar katako ba ƙurar hanya ba ce. Ta loko da ta maɗaci suna tayar da asma, kuma tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na hanci ga wanda ya daɗe yana shaƙa. A sa takunkumin hanci, a share dusa kullum da yamma a zuba a buhu. Ita ma haja ce, masu kiwon kaji da masu murhun dusa suna saye. Jarkar mai da janareta su zauna nesa da ita, da bokitin yashi a kusa. Wanda ya taɓa ganin gobarar 'yan katako ba ya bukatar a yi masa bayani.

Sai maƙwabta. Ƙarar injin nan tana kurmantar da mai aiki a hankali in bai toshe kunne ba, tana kuma hana na kusa sakat. A sanar da mai unguwa da maƙwabta tun kafin a kafa, a yanka lokacin aiki, a kashe lokacin salla da tsakar rana da dare. Sana'ar da aka fara da ƙarar maƙwabci gaban alƙali ba ta yin albarka.

DAIDAITAWA

Wannan aikin yini guda ne, kuma shi ne yinin da ya fi kowane daraja. A cire wuta gaba ɗaya tukuna.

Da fari a duba faifai ya tsaya cak bisa tebur. A jingina masa sukwaya a tsakanin haƙora, kada haske ya ratsa ta sama ko ta ƙasa.

Na biyu shi ne majingina, watau dogon ƙarfen da katako yake bi a jikinsa, wanda shi ke yanka faɗin abin da za a tsaga. Lalle ne ya tafi kafaɗa da kafaɗa da faifai. Ga yadda ake gwadawa: a sa wa haƙori ɗaya alama da alli, a juyo shi gaba a auna tsakaninsa da majingina, a juya shi baya a sake aunawa. Awo biyun su zo ɗaya. In ma za a sami bambanci, to bayan ya fi buɗewa da kaurin takarda. Amma in bayan ne ya fi matsewa, katako zai shaƙe tsakanin ƙarfe da haƙora, ya ƙone, ko injin ya watso shi. Majinginar da ake bugawa da guduma a ɗaure da waya, a kai wa mai walda ya yi mata maɗauri gaba da baya.

Na uku ita ce wuƙar baya. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa a bayan faifai, a layi ɗaya da shi, tazararsa da haƙora kada ta wuce milimita 8. Kaurinsa ya ɗan fi jikin faifai, ya kuma gaza faɗin tsagar da haƙora suke yi. Aikinta ta hana tsagar rufewa ta cafke faifai. Injinan ƙirar gida ba su cika zuwa da ita ba, na Kwatano kuma sau da yawa an cire an yar. Mai walda zai yanka ta daga farantin ƙarfe cikin awa guda. A kanta ake ɗaura murfin da ke rufe haƙora ta sama.

Na huɗu, tsayin faifai. A ɗaga shi har haƙora su leƙo saman katako da kaɗan kawai, kamar rubu'in inci zuwa rabi. Duk abin da ya wuce haka, haƙora ne tsirara suna jiran hannu.

FAIFAI DA LISSAFIN DUSA

A san ramin tsakiyar faifai kafin a saya. Injinan Amurka mafi yawa sandarsu inci 5/8 ce, na Turai milimita 30. Faifan da raminsa ya fi sanda faɗi, sai da zoben ƙarfe da aka yi don haka. Kada a cusa masa kwali ko gwangwani. Yawan haƙora kuma da aikinsa: a faifai mai inci 10, haƙora 24 na tsaga ne a tsawon katako, 60 zuwa 80 na gicciye ne da filawud, 40 kuwa na tsaka-tsaki. Masu baƙin ƙarfe mai tauri a bakin haƙora sun fi daɗewa, amma magagari ba ya cinsu, sai an kai wa mai dutsen wasa su. Saboda haka a ajiye biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana wajen wasawa.

Yanzu ga lissafin da ɗan kasuwa zai gane. Faifai mai kyau yana cin kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowace tsaga. In za a raba falanki mai faɗin inci 12 gida shida, tsaga biyar ke nan, dusa ta ci kashi biyar cikin takwas na inci, watau kamar kashi 5 cikin ɗari na falankin. In kuwa faifan ya lanƙwashe, ko boris yana wasa, har yana cin rubu'in inci, tsaga biyar ta ci inci ɗaya da rubu'i, kashi 10 cikin ɗari ke nan. Ashe a kowane falanki 20, an zubar da guda a ƙasa a banza. Duba farashin falanki na wannan mako ka ninka da abin da ake tsagawa a wata, za ka ga kuɗin sabon faifai da boris ba komai ba ne. Kafintoci kuma suna lura. Injin da ke cin katako, ba a daɗewa ake gudunsa.

HALIN KATAKO

Katakon kudu, irin su afara da obece da malaina da loko, yakan iso da ruwa a jikinsa. Da ya haɗu da hunturunmu sai ya bushe da gaggawa, ya karkace, ya tsattsage. A jera shi a inuwa, sama da ƙasa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Ɗanyen katako da karkatacce su ne suka fi cafke faifai. Falankin da ba shi da gefe ɗaya miƙaƙƙe, kada a jingina shi ga majingina sai an miƙar da gefen.

Itatuwanmu na gida, irin su kirya da marke da ƙawo, suna da tauri ƙwarai, a tura su sannu. Tsohon katakon rufi kuma a bincika ƙusa, gama ƙusa ɗaya tana fizge haƙori ta harba shi kamar harsashi. Game da maɗobiya, a sani tun 2017 take cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta sa wa ido, saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa ƙasar Sin. Duk gungumen da aka kawo maka ba takardar ma'aikatar gandun daji, arhar da aka yi maka ba ta kai wahalar da za ta biyo baya ba.

HARBI DA YATSU

Bakin faifan nan yana gudun da ya wuce kilomita 150 a awa. In haƙoran baya suka kama katako, sai su ɗaga shi su watso shi ga mai turawa. Shi ake ce wa harbi, kuma ya fi na jaki. Yana fasa ciki, yana kuma jan hannu ya kai kan haƙora kafin mutum ya ƙifta ido. A Amurka, inda injinansu suke zuwa da kayan tsaro, hukumarsu ta kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta mutum fiye da 30,000 ne suke zuwa asibiti kowace shekara saboda irin wannan inji, dubbai daga ciki da yankewar yatsa. Har wani mutuminsu, Steve Gass, ya ƙirƙiro inji mai suna SawStop a 1999, wanda yake tsayar da faifai da ya taɓa fatar mutum. Yana da tsada, ba a kuma ganinsa a kasuwanninmu. Namu tsaron shi ne tarbiyya.

Mai aiki ya tsaya ta gefen layin faifai, kada ya tsaya a bayan katako sak, kada kuma a bar kowa ya tsaya ko ya zauna a wannan layi. A yi sandar turawa mai tsawon kamu ɗaya, da ɗan gurbi a bakinta, a rataye ta jikin inji. Da ƙarshen katako ya rage ƙafa ɗaya ya kai faifai, sanda ce za ta ƙarasa, haka kuma duk tsagar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Ba a yanka a sake ba majingina. Ba a miƙa hannu ta saman faifai, ba a share gutsattsari sai ya tsaya cak. Babbar riga da hannun kaftani mai faɗi da jelar rawani da carbi da zobe da safar hannu, duk a ajiye su. A sa tabarau na aiki. Yaron da ke karɓa ta baya, riƙewa kawai zai yi, ba ja ba. Mai jin barci da wanda ya sha ƙwaya, kada su kusanci inji. In an tashi, a cire wuta a kulle, saboda yaran gida.

In tsautsayi ya faɗa, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a zuba masa ƙasa ko toka ko man birki. Yatsan da ya fita a naɗe shi a tsumma mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A nufi babban asibitin gari nan da nan, daga nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Manyan ayyukan hannu kuwa sai Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Duk wanda ya san nisan Zurmi ko Shinkafi da waɗannan wurare, da yadda hanya take in rana ta faɗi, ya san rigakafi ya fi magani.

TSAKANIN MAI JARI DA MAI AIKI

Alhaji mai saye, in kuɗin da ka ware Naira ɗari ne, kada ka kai ɗarin nan duka ga mai inji. Ka rage na waya da makunni da daɓe da rumfa da wuƙar baya da faifai na biyu da man fara aiki. Inji matsakaici da aka kafa daidai ya fi babba da aka jingine a zaure ana jiran kuɗin janareta.

Yaron da za ka damƙa wa, ko ɗan cikinka ne, ya fara zama ƙarƙashin wani maigida mai inji ya ga yadda ake yi, wata uku ko shida, kafin ya tsaya shi kaɗai. A zauna gaban shaidu a rubuta: nawa ake tsaga ɗaya, wa ke sayen mai, wa ke biyan wasa faifai da naɗin koyil, wa zai biya in an ɓata katakon mutane, wa kuma zai ɗauki magani in an ji ciwo. A ware wani abu kullum a asusun gyara kafin a raba riba. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da ba a faɗa ba tun farko.

Kai kuma dillali, wanda ya ci ladan kuturu lalle ya yi masa aski. La'adarka ba ta ƙare ranar da aka ɗora inji a mota ba. In na layi uku ne, faɗi. In an taɓa naɗa koyil, faɗi. In ba wuƙar baya da murfi, faɗa wa mai saye ya rage kuɗin yin su daga ciniki. Garuruwan nan namu ƙanana ne, wanda ka sayar wa a Ƙaura za ku haɗu ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, kuma da hannun nan nasa za ku gaisa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare hanya, ya kawo mana zaman lafiya.